Tambaya da Amsa: Hausa a kiɗan Tunisiya?

Tambaya: Malam na ga bidiyon wasu baƙaƙen fata a Tunisiya suna kiɗa, sai na ji kamar da Hausa suke waƙa, wai mi ya haɗa mu da su? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malama kin ji daidai, Stambeli kenan, kiɗan jikokin bayin da aka ƙetara Sahara da su, ciki har da Hausawa. Tun 1846 Tunisiya ta haramta bauta amma har yau da ragowar Hausa a waƙoƙin, da su suke tuna kakanni ko da ba su jin ma'anar. Gumbri suke kaɗawa mai tsirkiya uku, ga ƙarafa a hannu kacau-kacau, kuma gaskiya akwai bori a tushensa, nan ne fa malamanmu za su ɗaure fuska.