Shin Za A Iya Haɗa Hedifon Da Amfilifayar Lasifika Ba Tare Da An Yi Ɓarna Ba?

Tambaya: Ina da amfilifaya mai ƙarfin wat 50 a kowane ɓangare, wadda aka ƙera domin lasifika mai om 8, kuma ba ta da ramin hedifon. Hedifon ɗina mai om 32 ne. Shin zan iya ɗaura wayoyinsa kai tsaye a mazaunin wayoyin lasifika, ko kuwa hakan zai ƙona wani abu?

Amsa: Za a iya, amma ba kai tsaye ba, kuma ba kafin ka tabbatar da irin amfilifayar da ke hannunka ba. Mutane da yawa suna zaton cewa yawan om na hedifon, wato ma'aunin turjiyarsa ga wuta, shi ne matsalar, alhali kuwa amfilifaya mai taransista ba ta wahala idan aka ɗora mata om 32 maimakon 8, domin wutar da za ta fitar raguwa take yi. Inda hatsarin yake shi ne yawan bolt da take iya kaiwa, da kuma yadda aka tsara layin ƙasa a cikinta.

Mu fara da layin ƙasa, wato layin da wuta ke komawa ta cikinsa, tunda shi ne ke kashe amfilifaya cikin ƙiftawar ido. Filogin hedifon da aka saba gani, ko mai kaurin milimita 6.35 ko ƙaramin mai 3.5, mahaɗa uku gare shi: hagu, dama, da layi ɗaya da ɓangarorin biyu suke tarayya a kansa. Wannan yana nufin cewa duk wanda ya ɗaura irin wannan filogi a bayan amfilifaya ya haɗe baƙaƙen mazaunan waya guda biyu wuri ɗaya, domin kowane ɓangare yana da jan mazauni da baƙi. A yawancin tsofaffin amfilifayoyi wannan ba komai ba ne, saboda tun daga ciki a haɗe suke. Amma a amfilifaya mai tsarin gada, wadda a cikinta ja da baƙin mazauni duka suna ɗauke da sigina, haɗe baƙaƙen biyu daidai yake da gwama fitowar ɓangaren hagu da ta dama. Mafi yawan ƙananan amfilifayoyin zamani na ajin D haka aka gina su. Idan an yi sa'a na'urar kariya ta katse wuta, idan ba a yi ba kuma taransistocin fitarwa su ƙone. Gwajin ba shi da wuya: ka kashe amfilifayar, ka zare ta daga soket, sannan ka auna om ɗin da ke tsakanin baƙaƙen mazaunan biyu da mita. Idan ta nuna kusan sifili, tarayya suke yi. Idan ta nuna wani abu dabam, to sai dai hedifon mai wayoyi huɗu rarrabe, biyu ga kowane kunne, irin wanda ake saka wa filogin XLR mai ƙafa huɗu.

Sai batun ƙarfi, wanda lissafi kaɗan zai fayyace shi. Amfilifayar da ke ba da wat 50 a om 8 tana kaiwa bolt 20. Idan wannan bolt 20 ɗin ya faɗa kan om 32, sakamakon shi ne wat 12.5. Hedifon kuwa da miliwat yake aiki, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, kuma da yawa daga cikinsu suna kaiwa desibel 95 zuwa 100 da miliwat ɗaya tak. Saboda haka murɗa maɓallin ƙara bisa kuskure, ko ƙarar da ke fita yayin kunnawa, ya isa ya narkar da siririyar wayar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke samar da sauti a cikin hedifon. Abin da ya fi damuna ma ba koyil ɗin ba ne, kunnen da ke manne da shi ne. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin zuwa rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 kacal ya rage.

Maganin shi ne a rage siginar da resista biyu a kowane ɓangare, wato ƙananan na'urori masu rage gudun wuta. A ɗaura resista mai om 47 daga jan mazauni zuwa wayar hedifon, sannan a ɗaura wata mai om 4.7 daga wannan mahaɗar zuwa baƙin mazauni, wayoyin hedifon biyu su zauna a bakin ƙaramar biyu. Da wannan tsari bolt 20 zai koma ƙasa da bolt 2, ragin da ya kai kimanin desibel 21, wanda duk da haka ya wadatar da hedifon mai om 32 har da rara. Babbar resistar ta kasance mai ɗaukar wat 10, domin ita ce ke mayar da rarar wutar zafi. Akwai riba biyu da ke biyo baya. Sautin shuu da ake ji a hedifon ko da babu kiɗa zai ragu da daidai wannan gwargwado, kuma maɓallin ƙara zai bar ƙasan zangonsa, inda sau da yawa kunne ɗaya ke rinjayar ɗaya.

Za ka iya tambaya me ya sa ba za a wadatu da resista ɗaya a jere ba, tunda haka masu ƙera tsofaffin rediyoyin gida suka riƙa yi, suna saka om 220 ko 330 a gaban ramin hedifon, har ma ƙa'idar IEC 61938 ta shekarar 1996 ta ambaci om 120. Hanyar tana kare hedifon, sai dai tana sauya sautinsa. Om ɗin hedifon mai koyil ba a tsaye yake ba, yakan haura a wajen sauti mai kauri, don haka babbar resista a jere tana sa bugun ganga ya kumbura ya rasa tsafta. Abin da aka fi bi yanzu shi ne kada turjiyar mafitar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, wato om 4 a naka, kuma tsarin resista biyun nan yana ba da kusan hakan.

Idan amfilifayar mai bawul ce, wato kwalaben gilashi maimakon taransista, da taransifomar fitarwa, hukuncin ya sha bamban, domin irinta ba ta jure aiki babu kaya, kuma bolt mai yawa na iya tashi ya huda rufin wayoyin taransifomar. A nan dole a ɗaura resista mai om 8 ko 10, mai ɗaukar wat da yawa, tsakanin ja da baƙi a kowane ɓangare kafin a ƙara na ragewa.

Akwai hedifon ƙalilan da ke son amfilifayar lasifika da gaske, irin su AKG K1000 da HiFiMan HE-6, saboda ƙarancin saurin amsawarsu ga wuta. Hedifon mai om 32 da ake amfani da shi da wayar hannu ba ya cikin wannan sahu, kuma a ganina, idan ba sha'awar haɗa kaya da hannu ke jan ka ba, ƙaramar amfilifayar hedifon da za a ciyar daga mafitar layi, wato ramin da ke fitar da siginar da ba a ƙara mata ƙarfi ba, ta fi sauƙi da kwanciyar hankali.

Idan ka zaɓi haɗawa, ka fara auna wutar DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya, tsakanin ja da baƙin mazauni a bayan amfilifayar tana kunne babu kiɗa. 'Yan milibolt ba laifi, amma idan ta haura 50 a kai ta gyara tukuna. Ka kunna amfilifaya, ka mayar da maɓallin ƙara sifili, sannan ka soka hedifon, kuma ka zare shi kafin ka kashe. Gwajin farko a yi shi da hedifon mai araha, yana ajiye a kan tebur, ba a kunne ba.