Kan tambayarka ta ko a zauna ko a tashi

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, na bari ne sai na natsu. Ka ce tunda aka tura ka ƙauyen nan aikin bishara ana jifan kwanon ɗakin sujada da dare, shekaranjiya kuma wasu samari sun tare ka a hanyar kasuwa sun ce ka bar musu gari, ga maiɗakinka da tsohon ciki, kana tambaya wai mu a da yaya muke yi, zama ake ko tashi ake, kuma in ka tashi ba ka zama makiyayin haya ba wanda in ya ga kyarkeci sai ya gudu ya bar tumaki?

Toh abu na farko, ka cire wannan tsoron na cewa duk wanda ya tashi ya yi musun Ubangiji. Yesu da kansa a Matiyu 10 ya ce wa almajirai in an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wani, Yusufu ma ai da dare ya kwashi Maryamu da jariri sai Masar. Bulus a kwando aka zuraro shi ta ganuwar Dimashƙu, amma shi ɗin dai da aka jefe shi a Listira har aka ɗauka ya mutu, tashi ya yi ya koma cikin garin. Kaga mutum ɗaya ne, wata rana ya fita wata rana ya tsaya, kuma ba wanda zai ce Bulus matsoraci ne.

Abin da iyayenmu suke dubawa shi ne wa ake nema. In kai ake nema, kai baƙon da aka kawo, kuma zamanka ne zai ja wa 'yan ikilisiya a ƙone musu rumbu ko a hana matansu ɗiban ruwa a rijiya, toh ka matsa, tashinka ma kiwo ne. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Amma in su duka ake nema kai da su, to a nan fa ba ka da hurumin zama na farko a mota, sai ka ga tsofaffi da yara sun fita, kai ne na ƙarshe. Rainin da ake wa makiyayin haya ba don ya gudu ba ne kawai, don bai damu da abin da zai sami tumakin a bayansa ba ne.

Sannan wannan shawara ba taka ba ce kai kaɗai, kuma nan ne nake ganin ku yaran yanzu kuna kuskure, mutum ya shiga ɗaki ya yi azumi ya fito ya ce Allah ya ce masa ya tsaya, shikenan ba mai tanka masa. A'a. Akwai dattawan ikilisiyar da aka haifa a garin, sun san wanda ke zuga samarin, sun san ko faɗan addini ne ko kuwa tsohuwar rigimar gona ce aka lulluɓe da addini, don sau da yawa haka ne. Akwai waɗanda suka aiko ka, sakataren gundumar ikilisiya yana da waya ai. Akwai mai unguwa da dagaci. A ƙasar Hausa baƙo ba ya shiga gari sai ta hannun mai masauki, ba ya kuma fita sai da sallama. Turawan mishan ma sun sha wannan darasin. A 1900 su Bishop Tugwell da Dokta Miller suka doshi Kano ba wanda ya gayyace su, Sarki Aliyu ya ce su fice masa daga gari, suka fita suka koma Girku. Da sun yi taurin kai ina jin da labarin ya ƙare a nan. Miller ya haƙura, a 1905 ya samu ya zauna a Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa, har aka kai ga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, wanda kakanka ya koyi karatu da shi.

Na san wani mai bishara a ƙasar Katsina lokacin rikicin 1987, wanda ya taso daga Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa aka ƙone majami'u da yawa. Mutumin nan ba ya rasa gayya, ba ya rasa suna, ba ya rasa zaman makoki, ko na Kirista ko na Musulmi, fartanyarsa kullum tana gonar wani. Ranar da abu ya ɓaci maƙwabcinsa ne, malami mai almajirai, ya ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan isha ya ce Malam ka fitar da iyalinka kafin asuba. Ya fitar da su a keke ya kai su ƙauyen surukansa, ya dawo da hantsi ya je gaban mai unguwa da dattijo ɗaya, ya ce zai ɗan yi nisa har ƙura ta lafa, ya miƙa wa dattijon makullin ɗakin sujada da littafin baiko, wato na kuɗin da ake bayarwa a sujada, dawarsa kuma ya bar ta amana a rumbun malamin. Da ya dawo ko dami ɗaya bai ɓata ba, kuma dattijon nan bai fasa tara mutane ran Lahadi ba. In har ikilisiya za ta watse don kai ba ka nan, to akwai aikin da ba ka yi ba tukuna, ka fara shi yau, ka koya wa mutum biyu yadda za su bi da sujada.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai inda duk wannan ba ya aiki. Wanda ya zo da bindiga daga daji bai san mai unguwa ba bai san amana ba. A ƙarshen 2014 da Boko Haram suka ci hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninsu Jos suka koma da tarin jama'a, ba wanda ya isa ya zage su, kuma daga baya sun koma gida. Rabaran Lawan Andimi kuma yana Michika 'yan Boko Haram suka kama shi a Janairun 2020, ya ƙi musun bangaskiyarsa aka kashe shi. Ina girmama shi ƙwarai, har yau in na tuna shi zuciyata sai ta yi nauyi. Amma shi zuwa aka yi aka same shi a bakin aikinsa, bai je neman mutuwa ba, kuma kada wani da ke zaune a birni cikin fanka ya rinƙa turo maka sunansa a WhatsApp don ya sa ka ji kunyar kare iyalinka.

Maiɗakinka kam babu wata muhawara, ka kai ta wajen mamanta cikin satin nan ta haihu a can, kiran da aka yi maka bai ce ka sa rayuwarta da ta jaririn a caca ba. In ka dawo ka tara dattawa, ka je gaida mai unguwa da goronka ka faɗa masa abin da ake ciki ba tare da ka kira sunan yaron kowa ba, sifikar nan ta asuba kuma ka rage mata murya tukuna. Duk abin da suka ce ka kira ni kafin ka yanke, ko tsakar dare ne. Innarka tana gaishe ku, muna ta addu'a.