Sugan mai ciki: kada ki horar da kanki da yunwa

'Yar'uwa, na ga tambayarki: ciki wata bakwai, an ce suganki ya hau, tsoro ya sa kin daina cin tuwo gaba ɗaya. Sannu, Allah Ya raba lafiya. Ni ma a cikina na uku aka gano min, a sati na 26, ranar da aka ba ni ruwan sukarin nan mai giram 75 na shanye, aka ɗibi jinina sau uku. Da kuka na hau keke napep na koma Tudun Wada.

Ki koma cin abincinki. Mabiyiya ce take fitar da sinadaran da ke hana insulin, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, aiki yadda ya kamata, shi ya sa yawancin mata da sun haihu sugan yake sauka. Yunwa kuma ta galabaitar da ke, ta galabaitar da ɗan.

Na'urar gwaji ce ta buɗe min ido. Likita ya ce kafin karin kumallo kada lambar sugan ta kai 95, awa biyu bayan cin abinci kada ta wuce 120. Ni da nake zargin shinkafa, ashe kokon safe ne ɓarawon. Kofi ɗaya, ko sukari ban sa ba, sai na ga 160 da wani abu! Na koma ƙwai biyu da alale, ko wake da zogale, lambar ta dawo hanya. Tuwo kuwa ban bari ba, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannuna, miyar kuka ko kuɓewa ta fi tuwon yawa, da kifi in an samu. Na gwada acca ma, amma in na cika kwano ita ma hawa yake. Lemun kwalba, zoɓo mai sukari da fura da aka zambaɗa wa zaƙi, waɗannan na yi musu sallama. Ina ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kuma bayan kowane ci sai na zagaya tsakar gida minti 15.

Surukata, Allah Ya saka mata, kullum cewa take, "Ke 'yar nan, cikin mutum biyu kike ciyarwa." Sai da na kai ta awo ta ji da kunnenta cewa yawan sugan ne ke sa jariri ya wuce kilo 4 haihuwa ta yi wuya, sannan ta sakar min mara.

Za a yi ta kawo miki ruwan shuwaka da jiƙe-jiƙe, kada ki sha sai kin tambayi likitanki. In ya rubuta ƙwayar maganin suga ta metformin ko allurar insulin, ki karɓa. Kina kan allura kika ji rawar jiki da gumi, ki auna, in ƙasa da 70 ne ki sha abu mai zaƙi nan take. Motsin ɗa ya ragu kuwa, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Bayan haihuwa da sati 6 zuwa 12 ki koma a sake gwaji, don mu da muka yi wannan mun fi kusa da ciwon suga nan gaba. Ni hidimar suna da wankan jego suka shagaltar da ni, sai da na yi arba'in da sati uku na je.