Fakta da Hausa: marabi ko mai rabawa?

Wata malamar firamare ta aiko da tambaya a kan lambobin da ke raba wata lamba ba tare da an bar saura ba, waɗanda littafin Turanci ke kira fakta. Da wace kalma za ta koyar da su? Ta ce ta ji wani yana cewa "marabi".

Malama, wanda ya ce marabi bai saɓa wa ƙa'idar ƙirar kalma ba. Yadda rubuta ta haifi marubuci, haka raba za ta haifi marabi. A jam'i ne gizo ke saƙar. Marubuci, marubuta. To marabi fa? Maraba ke nan. Ga maraba ta tarbar baƙo, wadda muka aro daga Larabci, ga kuma ta "ba su da maraba". Yaro ya ga an rubuta "maraban 12" a allo, sai ya zaci sannu da zuwa ake yi wa sha biyu. Ni dai na fi son "mai rabawa", jam'i "masu rabawa". Ta fi tsawo, amma ba ta ruɗa kowa.

Kuma ki nuna musu cewa mai rabawa ba ya zuwa shi kaɗai. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka nan lamba ɗaya ba ta yin ninki. Ɗauki 36. Ki fara daga ƙasa: 1 sau 36, 2 sau 18, 3 sau 12, 4 sau 9. Biyar ta ƙi, domin tana barin saura 1. Sai 6 sau 6. Nan za ki tsaya, tunda duk mai rabawar da ya haura 6 ya riga ya fito tare da ƙaraminsa. Waɗannan bibbiyun nake kira "abokan ninki". Shida ce kawai abokiyar kanta, shi ya sa masu raba 36 suka zama tara, ba goma ba.

Tara kuwa mara ce. Wannan tsohuwar kalma ce da ta fara ɓacewa daga bakin yara: cika ita ce lambar da 2 ke rabawa daidai, mara ita ce wadda ɗaya ke ragewa. Tun kafin allon boko muna da su.

Haka ma sunayen kaso da muka samo daga Larabci, kowanne mai rabawa ne ya ɓuya a cikinsa. Idan aka ce lamba tana da sulusi cif, ana nufin 3 na raba ta. Rubu'i na 4 ne, humusi na 5, sudusi na 6, har zuwa ushuri na 10. Sittin tana da rabi 30, sulusi 20, rubu'i 15, humusi 12, sudusi 10, ushuri 6, amma subu'i, wato na 7, ya gagare ta. Ƙaramar lambar da ta haɗa su duka, daga rabi har ushuri, ita ce 2520.

Akwai kuma masu rowa irin su 13 da 17, waɗanda daga 1 sai su kansu ke raba su. Ki bar yaran su gwada 2, su gwada 3, su ga saura da idonsu kafin ki gaya musu.