Need for Speed Most Wanted: zai hau tsohuwar laptop, kuma ya cancanci wahalar?

Tambaya: Salam malam, ina da laptop ta hannu mai RAM 4GB, ƙanena ya dame ni in saka masa gem ɗin tseren mota, wani abokina yace in nemi Need for Speed Most Wanted. Dan Allah zai hau kuwa? Kuma meye daɗinsa, meye matsalarsa? Daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Da farko ka sani Most Wanted guda biyu ne, akwai na 2005 da EA Black Box suka yi, akwai na 2012 na Criterion, suna ɗaya amma kowanne da tafiyarsa. Na 2005 nake ba ka shawara, don lokacin da ya fito RAM 256MB kawai yake nema da wajen 3GB a hard disk, kaga taka ko a jikinta.

Daɗin gem ɗin nan gaba ɗaya yana wajen 'yan sanda ne wallahi. Labarin ba wani mai tsawo bane, ka shigo garin Rockport da BMW M3 GTR ɗinka, wani Razor ya yi mata zagon ƙasa kafin tsere ya ƙwace ta, sai ka koma ƙaramar mota irin Fiat Punto kana kayar da 'yan Blacklist, wato jerin 'yan tsere 15 da 'yan sanda suka fi nema, ɗaya bayan ɗaya har ka kai gare shi, don shi ne na ɗaya a jerin. To amma kafin kowannensu ya yarda ya kara da kai sai ka tsokani 'yan sanda, kuma nan ne zuciya take bugawa. Da farko motoci biyu uku ne ke binka, in abin ya yi zafi sai kaga sun tare hanya sun shimfiɗa ƙusoshi, jirgi mai saukar ungulu yana bisa kanka, ga manyan jif suna tahowa gaba da gaba su yi maka karo, kana jin muryarsu a oba-oba suna faɗin kalar motarka da titin da ka bi. Ni har yau ina tuna ranar da na yi kusan minti ashirin ana kora ta, tafin hannuna duk gumi, na kutsa ƙarƙashin tankin ruwa ya rufto kan motocin da ke bayana, na lallaɓa na ɓuya ina kallon layin cooldown, wanda in ya cika 'yan sanda sun haƙura da nemanka, yana cika a hankali kamar ba zai cika ba. Gem kaɗan ne suka taɓa ba ni irin wannan.

Matsalarsa babba kuwa ita ce gem ɗin yana maguɗi. Ko ka ba abokan tsere tazara mai nisa, sai kaga sun kamo ka kamar an ɗaure ku da roba, kuskure ɗaya a kwanar ƙarshe shikenan an wuce ka. Wajen Earl, na 9 a jerin, mutane da yawa suke ajiye gem ɗin don haushi. Sannan tara bounty, wato makin da kake samu in ka tsokani 'yan sanda, yana gundura in an yi nisa, abu ɗaya kake ta maimaitawa, kuma in aka kama ka sau uku da mota ɗaya za su iya riƙe ta duk da kuɗin da ka zuba mata. Babu dare a ciki sam, kullum rana ce mai ruwan ƙasa-ƙasa kamar hazon hunturu, babu tseren drift irin na Need for Speed Underground 2 da ya gabace shi. Wasan intanet ɗinsa ma an rufe tun 2011.

Abu biyu ka kiyaye. An yi shi ne don tsofaffin allo marasa faɗi, a laptop hoton zai baje sai ka saka gyaran da ake kira widescreen fix. Na biyu, EA ba sa sayar da na 2005 a Steam, kasuwar gem ta intanet, shi yasa shafukan bogi suka yi yawa, kar ka danna duk wanda ya ce ka kashe antivirus tukuna, gara ka nemi faifan asali. In ya riƙa sarƙewa ka shiga saitin hoto ka rage inuwa da ƙyallin jikin mota, kuma ka bar caja a jiki lokacin da yaron yake bugawa.