Kakana Ya Je Yaƙin Bama, Ta Ina Zan Fara Bin Sawunsa?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Kakana na wajen uba ya yi yaƙin Bama, ya dawo, ya rasu tun ban yi wayo ba. Abin da ya bari shi ne lambar yabo mai siffar tauraro da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Ina so in san bataliyarsa da inda ya yi faɗa.
Jikar mazan jiya, Gusau

AMSA: Allah ya jiƙan tsoho, 'yata. Kafin ki kashe kuɗin mota, zazzage akwatin nan tas. Abin nema shi ne takardar sallama, domin a nan ake samun lambarsa ta soja, wadda ga sojojin Najeriya kan fara da NA. Tauraron ba zai taimaka sosai ba, don Ingila ba ta rubuta suna a bayan irinsa.

Me ya sa na nace wa lambar soja? Saboda suna na yaudara. Akawun bariki yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa garinsu: Musa Kano, Audu Sakkwato. Irin waɗannan sun fi a ƙirga. Wani ma sunan garin da aka ɗauke shi aka sa, ba mahaifarsa ba. Ga rubutun Bature, Garba ya koma Garuba, Mamman ya koma Momo. Don haka ki tambayi gwaggwanninki da wane suna abokan sojansa ke kiransa.

Ki kuma saurari sunayen wuraren da yake ambata a hira. In kwarin kogin Kaladan ne, to runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ce, a 1944. In garin Myohaung ne, wanda aka ƙwace daga hannun Japanawa a Janairun 1945, har da ta 82. In kuwa ya ce jirgin sama ya sauke su a bayan abokan gaba, to yana cikin bataliya ta 6, ta 7 ko ta 12 da suka bi 'yan Chindit, wato rundunar musamman ta Ingila mai irin wannan yaƙi. Sunan Chindit ɗin nan ne ke kan barikin Zariya har yau.

Daga nan sai ofishin 'yan mazan jiya na jiharku, sai kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Ki tafi da haƙuri, aikin ba na yini ɗaya ba ne. A gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew ta Landan akwai littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, a jerin takardun da ake kira WO 172, amma hafsoshi Turawa suka cika ambata, da wuya ki ga sunan farabiti. Za dai ki san inda ya kwana a wace rana.

Kada ki neme shi a jerin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel: waɗanda ba su dawo ba ne a ciki. In kin sami lambarsa ta soja, aiko mini da ita.