Koci, me ya sa Steve Kerr ya ajiye Kuminga a benci alhali Warriors na neman maki?

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Ni magoyin bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Golden State Warriors ne a gasar NBA ta Amurka, kuma har yanzu zuciyata ba ta huce ba kan yadda Minnesota ta fitar da mu daga wasannin neman kofi a watan Mayun 2025. Stephen Curry na jin rauni, sai cin maki ya gagare mu. Jonathan Kuminga ya ci maki 30 a wasa na uku na karawarmu da su, amma shi ne aka daɗe ana ajiyewa a benci. Abokaina sun ce da an saka shi cikin biyar na farko tun da wuri, da ba mu fita ba. Shin Kerr, kocin ƙungiyar a lokacin, ba zaluntar yaron nan ya yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Damuwarka tana da tushe. Curry ya ji rauni a cinya a wasan farko, Warriors suka sha kashi huɗu a jere, kuma babu shakka ƙungiyar tana buƙatar wani mai ƙirƙiro maki da kansa. Amma maganin da abokanka suka kawo shi ne kuskuren da nake fama da shi kullum, a filin horo da kuma a Facebook.

Mutane suna ɗaukar maki kamar buhunan gero: wannan yana cin 15, wancan 20, a haɗa su a samu 35. Ƙwallo ɗaya ce a fili. Kowace ƙungiya tana samun kai hari kusan sau 100 a wasa, kuma daƙiƙa 24 kawai ake ba ta ta yi jifa. Duk jifar da Kuminga ya yi, daga hannun wani aka karɓe ta. Don haka abin tambaya shi ne, idan yana fili, jifar sauran huɗun sauƙi take yi ko wuya?

Dubi wasan da ka kafa hujja da shi. Kuminga ya ci 30, Jimmy Butler ya ci 33, amma ƙungiyar gaba ɗaya 97 ta tashi da shi, Minnesota 102. Mutum biyu sun ci 63, duk sauran 34. Tun da Butler ya zo daga Miami a Fabrairun 2025 matsalar ta bayyana. Butler ƙarƙashin kwando yake son kutsawa, Kuminga ma can yake so, Draymond Green kuma ba wanda ke tsoron jifarsa daga nesa. A kakar 2024-25 Kuminga kusan uku kawai yake ci cikin jifa goma daga layin maki uku, wato jifa daga nesa. Ka haɗa su ukun, masu tsaro sai su ja baya su cushe tsakiya, su ce ku jefa mu gani. Hanyar da kowannensu yake bi ta toshe ke nan. Ba ƙiyayya ba ce, lissafin fili ne.

Wanda bai yarda ba ya tambayi magoya bayan Phoenix Suns. A kakar 2023-24 Kevin Durant da Devin Booker kowanne yana cin kusan 27, Bradley Beal 18. A takarda wa zai tsaya musu? Minnesota ɗin nan ta share su 4-0 a zagayen farko. Lakers ma sun haɗa LeBron James da Anthony Davis da Russell Westbrook a 2021-22, suka ci wasa 33 suka faɗi 49. Masu sharhin da suka yi ta rantsuwa kofi ya zo gida, yau su ne ke zagin Kerr, ba tare da sun zauna sun kalli wasa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Gutsuren bidiyo na minti biyu suke gani, inda ba a nuna wanda ya bar mutuminsa ya wuce, ko wanda ya riƙe ƙwallo har hari ya mutu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da nake horarwa sun kwashi wannan tunani. Yaro ya ƙi ba da ƙwallo don yana ƙirga makinsa, ka saka shi a benci ubansa ya zo yana cewa an wulaƙanta ɗansa. Su waye suka gaya muku benci wulaƙanci ne? Kerr ɗin nan ya ajiye Andre Iguodala a benci duk kakar 2014-15, sai a wasa na huɗu na zagayen ƙarshe da Cleveland ya fara da shi, kuma Iguodala aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe. Manu Ginobili ya ci kofi huɗu da San Antonio, yawancin wasanninsa daga benci ya taso.

Inda zan ba abokanka gaskiya: bai dace mai ƙarfin Kuminga ya zauna wasa guda cur bai taɓa ƙwallo ba, kamar yadda aka yi masa a ƙarshen kakar. A wancan lokacin, wurinsa shi ne sa'ad da Butler ke hutawa, a kewaye shi da masu jifa daga nesa irin su Buddy Hield. Ka sake kallon wasa na uku, ka bar bin ƙwallo da ido, ka duba inda Rudy Gobert, dogon mai tsaron Minnesota, yake tsayawa duk lokacin da Kuminga da Butler da Green suke fili tare.